Ranar da Aka Hau Wuyan Raƙumi

Yamma da Adabka akwai duwatsu biyu da suka jingina da juna, wata 'yar siririyar hanya ta ratsa tsakaninsu ta can sama. Mutanen wurin suna kiranta Wuyan Raƙumi. Ta nan matan ruga suke bi kullum da ƙwaryar nono zuwa gari, ta nan shanu suke tsallakawa fadama. Ba wanda ya taɓa ɗaukar wurin abin kallo sai da aka naɗa Alhaji Lirwanu jami'in yawon buɗe ido na yankin, ya ga Turawa a waya suna hawan dutse da sanduna.

Wata Talata ya iso a bayan babur, sanye da farar shadda da sabon takalmin ƙwallo, mai ɗaukar hoto na biye da shi. Ya sa aka kira masa Obadiah, malamin labarin ƙasa a makarantar garin, da tsoho Labbo, wanda ya shekara sittin yana kiwo a gindin dutsen.

"Malam Obadiah, nawa ne tsayin mashigin nan?"

"Na taɓa aunawa da ɗalibaina, yallaɓai. Mita ɗari da hamsin ne."

Lirwanu ya yamutsa fuska. "Wa zai taso daga Abuja saboda ɗari da hamsin? Rubuta dubu da ɗari biyar. Sifili ɗaya ne kawai."

Ya juya ga Labbo. "Baba, ba mu tarihi. Wane yaƙi aka yi a nan?"

Labbo ya daɗe yana tunani. "Yaƙi kam ban ji ba, ranka shi daɗe. Kakana dai ya ce fatake kan bi da jakai su kai gishiri Gummi. Sai wata shekara da saniyata ta zame ta karye."

"An yi asarar rai ke nan?"

"Awo, mun yanka ta."

Lirwanu ya ce a rubuta cewa an zubar da jini a wurin.

Suka kama hawa. Ba su ci kwatar hanya ba Lirwanu ya zauna a kan wani falalen dutse yana haki, shadda ta jiƙe sharkaf. Sai ga Hamsatu, matar ɗan Labbo, tana gangarowa da ƙwarya a ka, goyo a baya, ƙafarta da silifas. Ta durƙusa ta gaishe su. Lirwanu ya gargaɗe ta cewa hawan dutse irin wannan yana da haɗari ga wanda bai samu horo ba. Ta ce, "To, yallaɓai," ta wuce.

Da ta sayar da nononta ta dawo bayan azahar, ta tarar da su gaba kaɗan da inda ta bar su. Lirwanu ya gurɗe a ƙafa. Ta ba shi sauran furar da ta rage, ya shanye bai ɗago kai ba. Mai hoto ya kwanta rub da ciki ya ɗauke shi ta ƙasa, yadda sama kaɗai za ta fito a bayansa, Lirwanu kuwa ya ɗaga sanda yana murmushin dole. Daga nan Labbo ya aika aka kawo takarkari, aka ɗora Alhaji aka sauko da shi.

Bayan wata biyu aka kawo babban allo mai hotonsa. Motar da ta ɗauko shi ta kasa kaiwa gindin dutsen, sai aka kafa shi a bakin hanya, kusa da wani tudun da ake shanya dawa.

Rahoton da Lirwanu ya aika ya burge na sama. Obadiah ne ya kai wa Labbo labarin cewa an ƙara wa Lirwanu girma, an tura shi Gummi ya buɗe wasan ninƙaya a gulbi.

"Shi ya iya ruwa kuwa?" in ji Labbo.

Obadiah ya ce bai sani ba.

"To, in kana da wanda ka sani can, ka ce masunta su aje kwalekwale kusa."