Kan Zogale

"Tsinke shi, ɗiyata," in ji Baba Hammadi daga kan tabarma. "Kan nan na sama."

Mero ta tsaya riƙe da zogalen. Wata biyar tana rainonsa a tsakar gidan hayarsu na unguwar Nzeng-Ayong, can ƙasar waje, ya kai tsawonta, siriri kamar sanda, ganyensa ko miya ɗaya ba zai yi ba.

"Baba, in na cire kan ai ya mutu."

Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Maƙwabcinta ne, mutumin Maraɗi. Lokacin da arzikin man fetur ya shigo garin nan, abokansa duk suka koma aikin gini, shi kuwa ya zauna yana ban ruwa a lambun wata makarantar noma. Makon jiya likita ya ce a dawo da shi gida daga asibiti.

"Wata rana malamin lambun ya ce in leƙa madubinsa mai ƙara girman abu," ya ce. "Ɗan kan nan, cike yake da ɗakuna ƙanana, kowane yana rabuwa biyu. In suka rabu a tsaye, fatar reshe ta ƙara faɗi. In wasu suka rabu a kwance, sai ƙullutu ya taso, shi ne ganye. Na ce Allahu akbar, malamin har ya firgita."

"To in na cire su fa?"

"A gindin kowane ganye akwai wasu suna barci. Na saman ne ya hana su tashi."

Ta rufe ido ta tsinke.

Ranar Alhamis bayan la'asar Baba Hammadi ya cika, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mero ce ta dafa ruwan wankansa.

Kafin sadakar arba'in zogalen ya fitar da rassa huɗu. Ranar sadakar Mero ta yi kwaɗo da ganyensa, direbobin taksi da 'yan kasuwar Mont-Bouët suka ci, wani ya ce rabonsa da wannan ɗanɗano tun yana gida.

Da aka buɗe ɗakin marigayin, sai ga dashen zogale goma sha ɗaya a gwangwanayen madara, jere a bakin taga. Mero ta raba wa mutane, tana nuna wa kowa inda zai tsinke.

Na ƙarshe Bouba direba ya ɗauka. Ya ajiye shi a kujerar gaba, ya tokare da takalminsa, ya ja motar a hankali cikin taɓo.