Tsanin Mista Odell

"Odell, za ka sauko ka sha wannan, ko sai na hau na jawo ka da kunne?"

Lavonne Tibbs na tsaye a gindin tsanin da kofin ruwan lemo a hannu. Shekara talatin da ɗaya suna maƙwabtaka a wannan layi na birnin Toledo a Amurka, ta san alamun. Gumi a wuya duk da sanyin Oktoba, leɓe na rawa. Sugan tsohon ya sauka. Yana can sama yana kankare ruɓaɓɓen ganye daga indararo da tsohuwar wuƙar shafa bota, kamar yadda yake yi kowace kaka.

"Ke tsohuwa, ba ki da aikin yi?" ya ce. Sai ya dube ta, ya kira ta da sunan matarsa da ta rasu bara.

Nan ta ciro waya ta buga lambar agaji.

"Motar asibiti nake so. Maƙwabcina ne, shekararsa saba'in da uku. Ciwon suga, kuma akwai batir a zuciyarsa. Ya ruɗe, yana kan tsani."

"Akwai makami a hannunsa, Madam?"

"Makamin me? 'Yar wuƙa ce dai ta bota."

"Wuƙa. To, ki matsa daga kusa da shi."

Ta kashe wayar. Kowa a layin ya san ba a ambaton wuƙa a wannan lamba, ko ta yanka albasa ce, don 'yan sanda za a turo. Ita da bakinta ta koya wa 'ya'yanta haka. Amma an tambaye ta, ita kuwa ba ta iya ƙarya ba.

'Yan sanda suka riga motar asibiti zuwa. Su biyu. Ƙaramin ya fito yana ihu tun bai rufe ƙofa ba.

"Yar da wuƙar! Sauko! Na ce yar da ita!"

Odell ya waiwayo a hankali. Shekara ashirin da shida ya yi yana tuƙa motar 'yan makaranta, ya saba da hayaniyar yara. "Kai yaro," ya ce, "zauna a kujerarka."

"Yallaɓai, ta bota ce!" Lavonne ta ɗaga kofin. "Suga ne! Akwai batir a ƙirjinsa! Ku bari in ba shi wannan kawai!"

"Koma baya, Madam."

Ƙaramin ɗan sandan ya zaro bindigar lantarki, mai ruwan ɗorawa kamar abin wasan yara. Wayoyi biyu suka tashi suka kafe a rigar Odell. Ƙas-ƙas-ƙas. Jikin tsohon ya sandare kamar katako. Ko hannu bai iya miƙawa ya tare ƙasa ba. Ƙeyarsa ce ta fara samun siminti.

Sai da suka sa masa ankwa kafin wani ya taɓa wuyansa ya ji ko yana da rai.

Kwana uku ya yi a asibiti bai buɗe ido ba.

Ranar da ya cika, wani jami'in 'yan sanda mai kwat ya zo barandar Lavonne da takarda. Murya mai laushi, takalmi na sheƙi.

"Ki fahimta, Madam, wannan abin lantarkin ba makamin kisa ba ne. Don a ceci rai aka yi shi."

"To me ya kashe shi?"

"Faɗuwa. Ga kuma zuciyarsa dama ba lafiya."

"Shekara talatin yana hawa tsanin nan bai faɗo ba sai da kuka zo. Wane jaki ne bai san in ka sandarar da mutum a sama ƙasa zai zo ba?"

"Rahoto ya ce wani maƙwabci ya kira, ya ce akwai mutum da wuƙa. Ba za mu faɗi sunanki ba, ki kwantar da hankalinki."

Ya faɗe shi kamar kyauta ya ba ta.

Bayan an dawo daga maƙabarta gidan Odell ya cika da 'yan coci da kwanonin abinci. Lavonne ta kai nata, makaroni da cuku, irin wanda Denetra ke so tun tana ƙarama. Denetra ita kaɗai Odell ya haifa. A tsakanin gwiwoyin Lavonne ta zauna duk Asabar ana mata kitso har ta gama sakandare.

Ta ja Lavonne zuwa kicin ta rufe ƙofa.

"Anti, lauya ya ce sai mun sami wanda ya kira su. Sun ƙi ba da suna. Ke kin san kowa. Wane munafuki ne a layin nan ya dubi Babana ya ga ɗan daba?"

Lavonne ta ajiye kwanon a kan tebur. Ba wanda ya gan ta da waya ran nan. Ba wanda zai taɓa sani.

"Ni ce."

"Anti, ba wasa nake ba."

"Motar asibiti na nema. Na ce suga, na ce batir, na ce tsani. Suka tambaye ni abin da ke hannunsa, na faɗa."

Denetra ta ce, "Ke da kika ce mana ko gida na ci da wuta mu auna bakinmu."

"Ni ɗin."

"Litinin ƙarfe goma. Za ki faɗa wa lauya duk abin nan, kada ki rage ko ɗaya. Da abin da kika gaya wa yaron ɗan sandan nan kafin ya harba."

"Zan faɗa. Ko gaban wa."

"Bayan nan kada ki sake taka barandar nan."

Washegari aka tashi da ruwa. Lavonne ta buɗe ƙofa ta tarar da kwanonta a kan matakala, a rufe yadda ta kai shi, ko cokali ba a sa ba. Ta ɗauka ta tsaya. A gidan Odell tsanin na nan jingine. Rabin indararon da ya share yana kai ruwa yadda ya kamata. Ɗaya rabin ya cika ya tumbatsa, yana zuba a kan simintin.