Kabad ɗin da Ba Ya Numfashi

Tsohon kafintan bai taɓa yin kabad kamar wannan ba, kuma duk wanda ya shigo gidan sai ya ji haka daga bakinsa, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Autarsa ya yi wa, lokacin da ta sayo kwamfuta don aikinta na zanen gine-gine, irin mai akwatin nan da ake ajiyewa a ƙarƙashin tebur. Ganin akwatin zaune a ƙasa ƙura na bi ta kansa ya hana shi sukuni. Shekara arba'in yana sana'a, kuma babban tinƙahonsa shi ne ƙofar da in ta rufu ko takarda ba ta ratsawa. Haka ya yi wa wannan. Har soso ya bi gefen ƙofar da shi, a baya kuma ya bar rami ɗaya tak, daidai kaurin wayoyi.

To, ranar da za a yi ta, wani kamfanin gini ya ba masu neman aiki zuwa ƙarfe huɗun yamma su tura zanen ƙaramin asibiti. Shekara biyu Auta na neman irin wannan dama. Ta gama zanen tsaf, saura kwamfutar ta haɗa hotunan, aikin awa biyu. Amma da ta yi minti ashirin sai ta hau gurnani, allon ya ɗauke ɗif. Sau uku ke nan tun safe.

Wajen sha ɗaya da rabi mai gyaran da Auta ta kira ya iso, wani gajeren mutum mai furfura da ƙaramar jaka. Ya gaida tsohon, ya durƙusa, ya sa hannu cikin kabad ɗin, ya janye da sauri.

"Ai nan sai a dafa ƙwai," in ji shi. "Wa ya yi wannan?"

"Ni ne," tsohon ya ce, yana gyara tsayuwa.

"Aiki ya yi kyau, Baba. Amma ka shaƙe ta. Wannan abu kamar mutum yake, sai ya ja iska mai sanyi ta gaba, ya fitar da mai zafi ta baya."

Auta ta yi wuf ta ce ai ba laifin kabad ba ne, kwamfutar ce ta fara tsufa. Mai gyara ya dube ta, ya dubi tsohon. Ya fito da akwatin, ya ɗora kan tebur, ya buɗe gefensa, ya hure ƙura, ya ɗaure wayoyin da suka tare hanya. Aka kunna. Minti talatin ta yi wannan karon, sannan ta sake mutuwa. Agogon bango ya nuna ɗaya saura kwata. Auta ba ta yi kuka ba, sai dai ta zauna ta zuba wa baƙin allon ido, kuma wannan ya fi kuka yi wa uban ciwo.

Shi bai san komai a kan kwamfuta ba, amma iska ya santa, don ya sha busar da katako. Ya fita tsakar gida, ya dawo da wani siririn sassaƙen katako mai laushi, ya ce a kunna. Ya riƙe shi a gaban akwatin, sassaƙen ya lanƙwasa ciki. Ya zagaya baya, ya riƙe shi a bakin fankar da ke can. Nan ma ya lanƙwasa ciki.

Mai gyara ya sunkuyo. "Af, ta bayan ma ciki take hurawa. Zafin ba shi da ta inda zai fita. Wani ya juya fankar nan, ni kuma ban lura ba."

Tsohon ya sauke sassaƙen. Ya tuna ranar da yake auna akwatin, Auta ba ta gida. Ya ga fankar an sa ta da gefenta mai ƙarafa da waya yana kallon waje, ya yi tsaki, ya ce masu aikin zamani ba su san ya kamata ba. A wajen kafinta kyakkyawar fuskar katako ce ke kallon mutane. Ya kwance ƙusoshi huɗu, ya juya ta, ya ɗaure, yana jin ya yi wa 'yarsa gata.

"Ni na juya ta," ya ce a hankali. "Gefen mai kyau na sa waje."

Ya jira dariya ko faɗa. Mai gyara dai ya miƙa masa sukundireba. "To Baba, wanda ya san yadda ya ɗaure shi ya fi saurin kwancewa. Ni ɗin nan da jakata guda ban gano ba, kai ka gano da sassaƙe."

Ɗaya da kwata aka sake kunnawa. Tsohon bai iya zaman jira ba. Ya ɗauki kabad ɗin ya fita da shi, ya yage soson, ya cire allon baya gaba ɗaya. Da ya zo kan ƙofar sai ya lura katakon ƙasanta ya ɗan goge, alamar an daɗe ana tokare ta da wani abu. A kusurwa ya tsinci wani tsohon silifas ɗin Auta. Ashe wata da watanni yarinyar nan na tokare ƙofar a buɗe in ya fita, ta rufe da ta ji tarinsa a bakin ƙofar gida, don kawai kada ransa ya sosu. Ya daɗe riƙe da silifas ɗin, yana gode wa Allah da ya ba shi irin wannan 'ya. Sannan ya ɗauki tef da fensir, ya ja layi, ya shiga huda ƙofar da ya fi alfahari da ita a duniya, rami bayan rami, kowanne daidai da ɗan'uwansa.

Uku da ashirin ya ji muryarta daga ɗaki. "Baba, zanen ya tafi. Sun ce sun karɓa."

Ya shigo da kabad ɗin, garin katako har a girarsa. Auta ta ga ramukan, ta dafe baki.

"Baba, ƙofarka."

"Taki ce," in ji shi. Ya miƙa mata silifas ɗin. "Wannan kuma ya huta, ya yi aikinsa."

Ta sunkuyar da kai tana murmushi, idonta ya cika. Mai gyara ya mayar da akwatin ciki, ya ce a bar tazarar hannu tsakanin kabad da bango. Tsohon ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya yi ta godiya har mutumin ya rasa inda zai sa kansa.

Bayan ya raka shi ya dawo, sai ya maƙala sassaƙen nan a bayan kabad ɗin da ƙaramar ƙusa. Ya rufe ƙofar da kansa, ya leƙa. Sassaƙen na kaɗawa waje.