Sunan Da Zai Zo Farko

Tsohon direba bai ƙwanƙwasa ba. Ya tura ƙofar ofishin da ke hawa na uku a jami'ar, ya tsaya yana haki. Ɗakin sanyi ƙalau. Autansa na zaune gaban kwamfuta, wata mai tabarau, abokiyar aikinsa, tana gefe.

"Auta, tashi. Da yamma za a shiga da uwarka tiyata. Likita ya ce zuciyar ba tabbas. Kai take kira."

Auta ya miƙe ya rusuna, amma idonsa bai bar allon ba.

"Baba, ai da ka kira ni a waya."

"Na kira. Wayar taka ta fi ka barci."

Auta ya jawo masa kujera. Tsohon bai zauna ba.

"Baba, duba nan. Wani tauraro ne da ya mutu ya dunƙule. Bai fi gari ɗaya girma ba, amma ya fi rana nauyi. Yana zuƙar iskar wani tauraro da suke zagaya juna. Iskar takan kewaye shi kamar faifai, ta yi zafi, ta fitar da haske irin na hoton ƙashi a asibiti. Shekaru yana shiru. Jiya ya farka. Yau kaɗai aka ba mu na'urar da ke kan tauraron ɗan'adam ta kalle shi."

Tsohon ya dubi allon. Wani layi ne kawai, yana hawa yana sauka.

"Wannan tsutsar ce faifan?"

Mai tabarau ta yi dariya, ta rufe baki.

"Yaushe hasken ya taso daga can?"

"Shekaru dubbai ke nan, Baba."

"Ya yi tafiyar shekaru dubbai, wuni ɗaya ne zai gagare shi jira?"

"Ba ya tsayawa. In ya wuce, ya wuce."

"Haka uwarka."

Mai tabarau ta cire tabaranta, ta dubi Auta.

"Dakta, ka tafi mana. Bayanan za su sauko ko kana nan ko ba ka nan. Ni zan duba, in aika wa sauran masana sanarwar."

"A'a."

"Na iya fa. Kai ka koya mini."

"Na ce a'a." Ya rage murya, amma kunnen tsohon ya saba jin ƙarar inji tun kafin ya lalace. "Kin san ƙa'ida. Wanda ya aika, sunansa ne farko. Rabin rayuwata ina jiran wannan abin. In tafi yau, a kira shi naki?"

Tsohon ya dubi ɗansa, ya dubi furfurar da ta fara fito masa a gefen kunne. Ya tuna shi a kujerar gaba ta bas, ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa.

"Ashe ba tauraron ne ya riƙe ka ba."

"Baba, da na aika zan taho. Wallahi."

"Kar ka rantse. Zauna. Kar tsutsarka ta gudu."

Ya sauka matakala yana dafa bango. A bas wani ya tashi ya ba shi wuri, ya ƙi.

Ya tarar an sa wa matarsa rigar asibiti, an kwantar da ita a gadon turawa. Ta leƙa bayansa kafin ta dube shi.

"Malam, ina yaron?"

Tun da ya aure ta bai taɓa yi mata ƙarya ba. Ko ranar da ya kifar da bas ya ce mata laifinsa ne.

"Ban same shi ba. Sun tura shi wani gari."

Ta sauke numfashi, har da ɗan murmushi.

"Ai na sani. Da ya ji, da da gudu zai zo. Kar ka yi masa faɗa in ya dawo, ka ji?"

"Na ji."

Nas ta tura gadon. Ƙofa ta rufe. Ya sunkuya ya ɗauki takalmanta, ya zauna a benci ya ɗora su a cinya.