Takardar da Ba Ta Tsallaka Danga Ba

Ranar da za a sallami Nedyalko daga asibiti, likita Velinova ta zauna a bakin gadonsa. Ita ce ta buɗe cikinsa, ta gyara inda babbar jijiyar jini ta kumbura kamar ƙwan agwagwa, ta ɗinka bututu a gurbin.

"Baba, muna bincike kan 'yan'uwan masu wannan ciwo," ta ce. "Yana bin jini, kuma ba ya sallama. Sau da yawa sai ya fashe ake sani. Kana da ɗan'uwa namiji?"

"Akwai wani." Ta tambayi sunansa, ta rubuta a kan wata takarda.

"Ba shi takardar nan ya zo. Hoton ciki ne kawai, minti goma."

Wanin nan ƙanensa ne, Tsanko, wanda danga ɗaya ta raba gidajensu a ƙauye. Shekara huɗu ba sa ga-maciji, a kan tukunyar tagulla ta dafa giyar gida da mahaifinsu ya bari.

Nedyalko ya sa takardar a ƙarƙashin agogon tebur. Matarsa Stoyna ta yi kwana uku tana kallonta kafin ta tanka.

"Tsoho, taku ashirin ne fa. Ko in miƙa wa matarsa ta saman danga?"

"Ki miƙa, ya ce na aiko mace neman sulhu? Saura mako biyar Lahadin Yafiya. Ƙarami ke zuwa ya sumbaci hannun babba, haka muka tarar. Bana zai zo, ai ya ji an yanka ni. In ya zo sai in ba shi."

"Bara ma haka ka ce, ka zauna da farar riga har abinci ya huce. Likitar nan ta gyara maka ciki, ta manta da kai."

Wata safiya Nedyalko yana jan ƙafa a tsakar gida, hannu a kan ɗinkin, ya hango Tsanko bisa tsani yana sassabe rassan itatuwa, yana tsayawa yana dafa ƙugu. Ya buɗe baki zai kira shi. Sai Tsanko ya waiwayo, shi kuwa ya sunkuya kamar mai duba kaji.

Saura kwana tara Lahadin, Tsanko ya faɗi a gindin tsanin. Motar asibiti ba ta kai rabin hanya ba ya cika. Aka ce jijiya ce ta fashe a cikinsa.

Ranar Lahadin Yafiya Nedyalko ya ɗauki takardar ya fita, ya zagaya ta ƙofar da ya daɗe bai taka ba. Momchil, ɗan marigayin, ya buɗe, gemun da ya bari don makoki ya fara cika.

"Baffa, ni ya kamata in zo gare ka."

"Bar wannan. Karɓi. Likita ta ce ciwon yana bin jini. Ka je su duba ka."

Momchil ya karanta a hankali, leɓɓansa na motsi. Ya kai kan sunan mahaifinsa da likita ta rubuta da hannunta, ya gangara zuwa kwanan wata, ya tsaya.

"Tun watan Janairu aka ba ka wannan?"

"Tun Janairu."

Momchil ya naɗe takardar ya sa a aljihu. Bai ce ya shigo ba, bai kuma rufe ƙofar ba. Nedyalko ya tsaya a dokin ƙofa, hula a hannu.