Sunan Shekinah a Bangon Kafe

Tun kafin Rifkatu ta kai ƙarshen saƙon ta san aikin Dakta Ndaliman ne. Jami'ar da take digirinta na uku a Malesiya ce ta rubuto: an rufe mata VPN, domin cikin kwana biyu an sauke maƙala dubu huɗu da sunanta. Sun ba ta kwana uku ta yi bayani, in ba haka ba a soke rajistarta.

Shekara huɗu tana fama da wannan digiri. Tun da ta dawo Minna tana koyarwa tana ƙarasa rubutu, VPN ɗin nan ne laburarenta. Da ta kunna shi sai kwamfutarta ta zama tamkar tana cikin harabar jami'ar can, mujallun da ke kulle duk su buɗe. Sharaɗi ɗaya ta sa wa hannu: kada ta ba kowa kalmar sirrinta.

To, amma a sashensu, in ka dawo daga waje da irin wannan abu, ba naka ba ne kai kaɗai. Ka hana, a ce rowa ka je ka koyo. Wata biyu Ndaliman, wanda ya girme ta a aiki kuma suke ofis ɗaya, yana damunta da "ƙanwata, maƙala ɗaya tak". Ranar da ta gaji ta rubuta masa kalmar sirrin a bayan ambulan, ta ce ya yaga in ya gama.

A ofis ta same shi yana ɓarar gyaɗa a kan takardun jarrabawa.

"Dakta, wa ka ba kalmar sirrina?"

"Madam, yau babu gaisuwa?"

"Wa ka ba?"

Ya hure ɓawon gyaɗa daga tafinsa. "Ɗalibaina suna furojet ɗin kammala karatu. Na bar ta wurin Yisa mai kafen intanet a Dutsen Kura ya taimaka musu. Ilimi ne fa, ba gadon gidanku ba."

"Korata za su yi!"

"Ki ce 'yan Yahoo suka sace. Ai da haka suka san mu, za su yarda." Har da dariyarsa.

Rifkatu ba ta taɓa tsanar mutum kamar yadda ta tsane shi a lokacin ba. Ta fita ta tare ɗan acaɓa.

Kafen ɗaki ɗaya ne, janareta na ihu a bakin ƙofa, ɗalibai sun cika shi maƙil. Ba sai ta tambayi kowa ba. Ga kwali nan manne a bango, an rubuta sunanta da jan alƙalami mai kauri, a ƙasa kuma kalmar sirrin da manyan baƙaƙe: Shekinah2009.

Shekinah 'yarta ce. Kwana goma sha ɗaya ta yi a duniya a waccan shekarar, aka binne ta a Kafanchan. A wurin aiki babu wanda ya sani. Rifkatu ta zaɓi sunan ne don ta riƙa rubuta shi da hannunta kowace safiya.

Yisa ya taso yana share gumi. "Madam, kina son mujalla? An rufe layin tun jiya, amma Dakta ya ce mai shi zai gyara."

"Ni ce mai shi."

Ta ciro waya ta ɗauki hoton kwalin. Wata ɗaliba da ba ta ji abin da aka ce ba ta juyo da fara'a. "Anti, ba sai kin ɗauki hoto ba. Shekinah, biyu sifili sifili tara. Duk mun haddace."

Rifkatu ta fizge kwalin har da fentin bango, ta naɗe shi ta sa a jaka. Ta fice.

Ta san hoton zai nuna ba ita ta sauke maƙalun ba, zai kuma nuna ta karya sharaɗi. Ƙaryar Ndaliman ta fi sauƙi, amma ba za ta ce ɓarayi suka sace sunan da ta miƙa da hannunta ba. Ta rubuta wa jami'ar gaskiya, da sunansa ƙarara, ta haɗa da hoton, ta tura wa shugaban sashensu kwafi.

Sati guda Ndaliman bai amsa gaisuwarta ba, ita ma ta daina yi. A sashe kuwa aka yi ta cewa ta tona asirin babba a gaban baƙi.

Ranar Litinin amsa ta zo. Ba su soke rajistar ba; gargaɗi na ƙarshe suka yi mata, suka ce ta sa sabuwar kalmar sirri. Yatsunta suka rubuta Shekinah2009 da kansu. Jan rubutu ya fito: wannan kalma ta fallasa, ba za a sake karɓarta ba har abada.

Ta daɗe zaune, hannu a kan kwamfuta, ta rasa abin da za ta rubuta. Ndaliman ya leƙo daga teburinsa.

"Ƙanwata, an buɗe? Maƙala ɗaya tak."