Buhu a Kan Allo

Dokar aikin guda ce, kuma Tsohon Kwalta ya fi kowa nanata ta: a rufe kafin a buɗe. Shi ne shugaban ma'aikatan da ke kafa allunan hanya. In za a juya wa titi hannu, sai su kafa sababbin alluna su lulluɓe su da buhu. Ranar juyi a fara yaye buhun allon da ke hana shiga, a bar titin ya tsiyaye, sannan a buɗe ɗaya bakin.

Titin bayan asibiti siriri ne, mota ɗaya yake ci. Gangara ce mai kwana a tsakiya, inda wata doguwar katanga ta tare ido. Shekara da shekaru hawansa ake yi daga ƙasa. Yau aka mayar da shi na gangarowa.

Da tsani ɗaya suka zo, motar aiki kuma ta sauke su a bakin sama, rana ta take. Dogo, abokin aikinsa, ya jingina tsanin ya ce, “Baba, tunda ga mu nan, mu gama da na nan mana. Ko sai mun sauka mun hawo kamar awaki? Gwiwar nan taka ba za ta yafe mana ba.”

“Gwiwar ta girme ka, marar kunya.”

“Shi ya sa nake tausaya mata.”

Tsohon Kwalta ya yi dariya, ya ce to, a hau. Mutum ya fi saurin taka dokar da ya haddace, don yana ganin ta zama tasa. Suka kwance tsohon allon hani, suka yaye buhun sabon mai kibiya.

Direba ba ya jiran sanarwa. Kafin Dogo ya sauko, wata tifa maƙare da yashi ta baro shataletale ta sako kai. Tsohon Kwalta ya bi ta da kallo, buhun na hannunsa, sai ya tuna. Allon ƙasa yana nan a lulluɓe. Duk wanda ya zo can zai hawo yadda ya saba. Yanzu ne kuma masu aikin safe ke tashi a asibiti, cikinsu har da 'yarsa Auta, mai aikin jinya, wadda kullum ta nan take hawowa a ƙaramar motarta.

“Tsaya! Direba, tsaya!”

Direban ya ɗaga masa hannu, ya ɗauka gaisuwa ce.

“Dogo, tare bakin nan, ko da jikinka ne!”

Ya zaro waya ya kira Auta. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ba za a ɗauka ba kuwa, shi da kansa ya sa Auta ta rantse ba za ta taɓa waya ba in tana tuƙi.

Akwai wani lungu mai matakala da ya yanke kwanar. Ya faɗa ciki yana tsallake matakalar bibbiyu, gwiwar na sara kamar ana buga mata ƙusa. Takalminsa ɗaya ya fita, bai waiwaya ba. Ta bayan gidaje yana jin gurnanin tifar tana ƙara wuta.

Ya faɗo titi daidai kwanar. Daga ƙasa ya ji ƙaramin ham, irin wanda ya koya wa Auta ta riƙa yi kafin katangar. Daga sama kuma ƙasa na girgiza. Fuska ɗaya Allah ya ba shi. Ya juya wa 'yarsa baya, ya tsaya tsakiyar titi, ya ɗaga buhun sama yana kaɗawa yana ihu.

Tifar ta ɓullo ta cika titin. Birki ya yi kuka, tayoyi suka ja, yashi ya zubo. Ya runtse ido. Zafin injin ya daki fuskarsa, a lokaci guda wani ƙarfe ya taɓa bayan gwiwarsa a hankali.

“Kai tsoho, in ka gaji da duniya ka nemi wata motar!” in ji direban tifar.

Auta ta fito daga motarta sanye da farin kayan aikinta. “Baba! Me kake yi a nan? Ina takalminka?”

Can ƙasa ya hango wata motar ta sako kai.

“Koma da baya,” ya ce da ƙyar. “Ki tare su, ki kai ni gindin allon can.”

Ta kai shi. Babu tsani, don haka ya taka gaban motar ya hau rufinta, ƙafa ɗaya ba takalmi.

“Baba, za ka lotsa min mota!”

“Ta lotse.”

Ya kama bakin buhun ya fizge, jan allon hana shiga ya bayyana.